Rufin ajinku yana cikin kasafin kuɗi, to ina kuɗin ya maƙale?

Wani malamin sakandare ya aiko min da tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, kai da ka yi aikin kuɗi a gwamnati har ka yi ritaya, kullum muna jin ana cewa a haɗe ma'aikatu, a rage kuɗin 'yan majalisa, a kori ma'aikatan bogi. Tun da aka cire tallafin mai ake cewa kason jihohi ya ƙaru, amma rufin ajinmu da iska ta yaye damina biyu ke nan yana nan yadda yake, alhali an ce mana yana cikin kasafin kuɗi. Da za a ba ka damar gyara abu ɗaya tak, me za ka gyara?"

Malam, Allah Ya yi maka albarka, ka ma ba kanka rabin amsa da ka ce "an ce yana cikin kasafin kuɗi". A shekara 35 da na yi tsakanin baitulmali da sashen kasafi na wata jiha, babu kalmar da na ga ta yaudari talaka irin wannan. Shigar aiki cikin kasafi ba ya nufin akwai kuɗinsa. Izini ne kawai majalisa ta bayar cewa idan an samu kuɗi, kuma mai sa hannu ya ga dama, ana iya kashewa. Tsakanin wannan izini da ranar da kafinta zai hau saman ajinku akwai doguwar tafiya, kuma a wannan tafiyar ake yin yawancin ɓarnar. Can zan gyara. Amma bari in fara sallamar abubuwa ukun da ka lissafo, don ba na son ka ɗauka na raina su.

Batun haɗe ma'aikatu tsoho ne. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, kuma a watan Afrilun 2012 kwamitin ya miƙa rahoto mai shafi kusan 800. Ya ƙidaya hukumomi 541, ya ba da shawarar a rage 263 da doka ta kafa su koma 161: a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 sassa a cikin ma'aikatunsu. Takardar matsayar gwamnati da ta fito a 2014 ta yi watsi da akasarin shawarwarin. Sai a watan Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta Shugaba Tinubu ta ce za a aiwatar, tare da alkawarin ba za a kori kowa ba. To lissafa da kanka. Babban abin da hukuma ke ci shi ne albashi. Idan ka haɗe biyu ba ka sallami kowa ba, abin da ka rage shi ne shugaba ɗaya, hukumar gudanarwa ɗaya, motoci kaɗan da allon ƙofa. A shekarar 2024 ɗin kuma aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da sababbin hukumomin raya shiyyoyi, har da ta Arewa maso Yamma. Ba na cewa ba su da amfani, ina dai nuna maka cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Na ga an haɗe ma'aikatu biyu a jiharmu. Wata shida aka yi ana rigimar wane darakta ne babba, fayiloli suna zube a baranda.

Kuɗin 'yan majalisa kuwa, a rage shi, ni ma ina so, don ba ya yiwuwa ka ce wa mai albashin naira 70,000 ya ɗaure ciki kai kana sauya mota. Amma ka san girmansa. A kasafin tarayya na 2024, wanda ya kai naira tiriliyan 28.7, abin da aka ware wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa kusan biliyan 345 ne, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Biyan bashi shi kaɗai ya haura tiriliyan 8. Ko ka rufe majalisar ka sa kwaɗo, ramin yana nan. Ɓarnar majalisa da ta fi albashinta tsada ita ce cushe a kasafi, wanda ɗan majalisar wakilai Abdulmumin Jibrin ya fasa ƙwansa a 2016 aka dakatar da shi, Sanata Abdul Ningi ya sake tayar da shi a wata hira da sashen Hausa na BBC a 2024 shi ma aka dakatar da shi. Zan dawo kan wannan, don yana da alaƙa da rufinku.

Ma'aikatan bogi gaskiya ne. A farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu albashi bayan an gwada su da lambar BVN. Sai dai abin da ba a faɗa wa jama'a shi ne, sunan bogi ba ya shigar da kansa. Wani ne ya shigar, wani ya sa hannu, wani yake karɓa. Kowace sabuwar gwamnati sai ta kira tantancewa, a tara malamai da 'yan fansho a rana da takardunsu na ɗaukar aiki da suka yi ja don tsufa, a cire sunaye, a yi shela a rediyo, amma ka taɓa jin an ɗaure wanda ya shigar da su? Bayan shekara biyu jerin ya sake kumbura.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa.

Wajen tsakiyar shekara sashen kasafi yana aika wa kowace ma'aikata takarda: ku kawo ƙiyasinku na baɗi, kada ku wuce kaza. Kowa ya kawo, a zo a kare, a tattara. Sai a ga abin da ake son kashewa ya fi abin da ake sa ran samu. Abin da hankali zai ce shi ne a yanke. Amma yankewa na nufin wani kwamishina zai rasa aiki a ƙaramar hukumarsa, wani ɗan majalisa ya rasa abin nunawa a mazaɓa. Ina tuna wani dare cikin Nuwamba, mun kai kusan ƙarfe ɗaya a ofis, janareto yana ƙugi, an kawo mana shayi da burodi, giɓi ya ƙi rufuwa. Wani babba ya leƙo, ya duba takardar, ya ɗora yatsa a kan layin tallafi da rancen da ake sa ran samu daga waje, ya ce, "Ku ƙara a nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wata yarjejeniya da aka sa wa hannu." Ya ce, "Allah na nan." Muka ƙara. Da biro muka samar da biliyoyin da babu su a ko'ina a duniya, aka buga littafi mai sheƙi, aka karanta a majalisa, aka tafa.

Ka ga daga wannan daren an riga an yanke wa rufinku hukunci. A ce an rubuta za a kashe naira 100 alhali 60 za ta shigo. Albashi zai fita, don in bai fita ba gari zai ɗauka. Bashi tun daga Abuja ake cire shi kafin kaso ya iso. Gidan gwamnati ba ya jira. Kuɗin tsaro, wanda ba a tambayar rasit a kansa, ba ya jira. Abin da ya rage shi ne za a raba wa ɗaruruwan ayyukan da duk "suna cikin kasafi". Wa zai zaɓi wanda za a yi da wanda za a bari? Ba majalisa ba, ta gama nata. Mutum ɗaya ne, ko biyu. Kowane aiki sai an rubuta masa takarda ta musamman zuwa ga Gwamna ana roƙon a saki kuɗi, in ya amince ta tafi wurin Akanta Janar, shi kuma ya ce sai kuɗi ya samu. Kasafin gaskiya ba shi ne littafin nan mai sheƙi ba. Kasafin gaskiya shi ne tarin fayilolin da ke kan teburin mai sa hannu, da wanda aka ɗora a sama.

Kuma duk inda aka yi layi mai tsawo a ƙofa ɗaya, za a samu mai sayar da wuri a layin. Wannan shi ne asalin "na goro" da kake ji. Ɗan kwangila ya san in ya gama aiki zai iya shekara biyu bai ga kuɗinsa ba, ga ruwan banki, ga farashin siminti yana hawa, ga masu tura fayil. Saboda haka tun a farashin farko zai ninka, kuma injiniyan da ya duba ƙiyasin ya san dalilin, ya kawar da kai. Na san wani dattijo da ya gina azuzuwa uku da kuɗin gonarsa da ya sayar. Fayil ɗinsa ya bi tebur fiye da goma, kowane da rubutunsa a gefen takarda, "a duba", "a tabbatar", "a ajiye zuwa an jima". Kullum da safe yana zaune a bencin masinja da hularsa a gwiwa. Da aka biya shi, kuɗin bai isa ya sake sayen rabin gonar ba. Bai ƙara neman aikin gwamnati ba, kuma irinsa su ne masu yin aiki mai kyau. Waɗanda suka rage a fagen su ne masu uwa a gindin murhu, waɗanda za su karɓi kuɗin fara aiki su aza tubali layi huɗu su ɓace.

Cushen 'yan majalisa a nan yake shiga. Duk aikin da aka cusa ba tare da ƙarin kuɗin shiga na gaske ba, ya ƙara tsawon layi ne, kuma shi yana da mai bin sa har ofishin Akanta Janar. Rufinku ba shi da kowa. Shugaban makarantarku ya rubuta wa ofishin shiyya, shiyya ta rubuta wa ma'aikata, shi ke nan.

Kada ka ɗauka a jihohi kawai ake wannan. Tarayya ta yi murnar dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba tun daga na 2020, amma ba a jima ba aka koma ƙara wa'adin sashen manyan ayyuka, har aka wayi gari a 2024 ana tafiyar da kasafin 2023 da ƙarinsa da na 2024 a lokaci guda. Ba a tsawaita kasafin da aka samu kuɗinsa. Da giɓi ya yi yawa kuma sai aka riƙa ɗiba daga Babban Banki, duk da dokar bankin ta 2007 ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A 2023 majalisa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 na irin wannan ɗiba bashi na dogon zango. Wani ɓangare na tsadar da kake gani a kasuwa daga nan ya taso.

To gyaran da nake fata ke nan, kuma ba ya buƙatar ƙwararru daga Turai. A hana gwamnati rubuta kuɗin shigar da ba za ta iya nuna tushensa ba: ƙiyasin baɗi ya tashi daga abin da ya shigo hannu a shekarun baya, duk rance ko tallafin da babu takardar yarjejeniyarsa kada ya shiga lissafi. Kasafin zai ƙanƙance, 'yan siyasa za su ji kunyar karanta shi, amma abin da ke ciki zai zama gaskiya. Sannan a fitar da jadawalin sakin kuɗi na kowane wata uku tun farkon shekara, kuɗin makarantu da asibitoci ya riƙa tafiya da kansa kamar albashi ba sai an rubuta takardar roƙo ba. Masu bin gwamnati bashi kuma a biya su bisa ranar da aka tabbatar da aikinsu, na farko shi ne farko, a manna jerin inda kowa zai gani. Ranar da layi ya zama a fili, mai sayar da wuri ya rasa kasuwa.

Za ka ce ai akwai dokoki. Akwai. Dokar sayen kayan gwamnati da dokar kula da kashe kuɗi duk na 2007 ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Asusun bai-ɗaya da aka tilasta a 2015 ya yi aiki ƙwarai, don kafin shi ma'aikatu suna da dubban asusu a bankunan kasuwa, gwamnati tana cin bashin kuɗinta da ruwa ba ta sani ba. A Disambar 2019 aka buɗe shafin intanet na baitulmalin tarayya inda ake wallafa manyan biyan kuɗi. Amma na'ura ba ta fi mai riƙe da makullinta ba. A 2022 EFCC ta kama Akanta Janar na tarayya mai ci a lokacin, wanda waɗannan tsare-tsare suke ƙarƙashin ofishinsa, ta gurfanar da shi bisa zargin sama da naira biliyan 100. Kotu ce mai hukunci, ni dai abin da na ɗauka shi ne, in ka tara duk ruwan gari a randa ɗaya, sai ka ƙara ido a kan mai moɗa.

Idon kuwa shi ne Odita Janar, babban mai binciken kuɗin gwamnati, kuma mun bar shi ba haƙora. Mutane da yawa ba su san cewa sashe na 85 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ba Odita Janar na tarayya ikon bincikar asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati da kansa ba. Nasa shi ne ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, daga baya ya yi tsokaci. Wato hukumomin nan da Oronsaye ya ƙirga, su suke ɗaukar mai bincikensu su biya shi. A jiha kuma, kuɗin man motar da odita zai je duba aiki daga hannun wanda zai bincika yake fitowa. Na sha ganin takardar tuhuma ta odita ta zo, a ba ƙaramin akawu ya rubuta amsa, a ajiye. Rahoto ya fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin wanda ake tuhuma ya sami ƙarin girma ko ya yi ritaya, kwamitin majalisa ya zauna ya sha lemo ya tashi. Da ni ne, kuɗin ofishin odita zai riƙa fita kai tsaye, kuma duk babban sakataren da bai amsa tuhuma cikin wa'adi ba, a tsayar da kuɗin gudanarwar ofishinsa da ƙarin girmansa har sai ya amsa.

Akwai wani ƙaramin abu da zan haɗa da shi, wanda ba ya cin ko sisi: duk umarnin da ɗan siyasa zai bayar kan kuɗi ya zama a rubuce, da sa hannunsa, a cikin fayil. Yawancin ɓarnar da na gani da baki aka yi umarninta. "Oga ya ce." In ta fashe, sa hannun darakta da na akanta za a gani, ogan ba ya ko'ina. Manyanmu da suka koya mana aiki sukan ce kafin 1975 babban sakatare yana iya duban kwamishina ya ce ba za a yi ba. Da gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni, da masu laifi da waɗanda aka yi wa sharri, sai kowa ya koyi darasin cewa kujera ba ta da tabbas, gara ka yi tanadin gobe. Gyaran tsarin aikin gwamnati na 1988 ya zo ya mayar da minista mai alhakin kuɗin ma'aikata, ya sa manyan daraktoci suna tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su. Kwamitin Allison Ayida ya warware wannan a tsakiyar shekarun 1990, amma tsoron bai fita ba. Ni kaina, a daren da na ba ka labari, ban ce a rubuta min ba. Ina da 'ya'ya a makaranta.

Kan ƙarin kason da ka ambata, gaskiya ne adadin nairori ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, duk da darajar nairar ta faɗi. Amma ƙarin ruwa a bututun da ke yoyo ba ya kai shi ƙarshen layi. Haka hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye: na yi murna da shi, amma in shugaban ƙaramar hukuma zai zama shi ne sabon mutum ɗaya mai sa hannu, ba jadawali ba odita, an dai matso da layin kusa da gida ne. In kuma ajin naku na ƙaramar sakandare ne, akwai wata ƙofar: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihohi da dama sukan bar nasu ya kwana a Abuja shekara da shekaru don ba su ajiye ba. Kowa ya duba kasafinsu zai ga an rubuta kuɗin. Sakinsa ne ba a yi ba.

Ga abin da za ka iya yi da wayarka a daren nan. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi in sun wallafa lissafinsu, yawancin jihohi sun saba sa rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku a shafinsu na intanet. Nemo na jiharku, na wata ukun ƙarshe na bara. Kada ka tsaya a shafin farko. Gangara inda aka jera ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, za ka ga gurbin abin da aka ware, da gurbin abin da aka kashe, da na kashi nawa cikin 100. Duba layin gidan gwamnati da na ofishin sakataren gwamnati, ka rubuta kashinsu a takarda. Sannan ka duba layin manyan ayyuka na ma'aikatar ilimi, ka nemi sunan makarantarku ko layin gyaran makarantun shiyyarku, ka rubuta nasa a ƙasa. Takardar nan ita za ku riƙe, kai da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ranar da ɗan majalisarku na jiha ya zo gida hutu.